Waƙa mai baiti ko kiɗa zalla, wanne ya fi buɗe wa marubuci kai?

Salam 'yan gida. 'Yar'uwar da ta ce labarinta ya tsaya cak a tsakiya, tana tambaya wai waƙa mai baiti za ta kunna ko kiɗa zalla, ga nawa ganin.

Ita waƙa mai baiti mutum take ba ki. Ɗauki marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, talakawa yake waƙewa da rigingimun zaman aure, kafin minti biyar ya zana miki mutum har da halinsa, ke kuma sai ki bi mutumin gida, ina ya kwana, wa ke bin sa bashi, me matarsa ta ce da ya shigo hannu rabbana. To labari ya samu kenan. Waƙoƙin fada irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuwa Hausa kike kwasa, kirari, zambo, habaici, mai rubuta labarin sarauta ba shi da makaranta kamar su.

Illarta dai tana cinye miki baki. Kina rubutu wani na magana a kunnenki, sai jimlarsa ta sulalo cikin taki, gobe a ce kin yi satar fasaha alhali ko niyya ba ki yi ba. Na soyayyar situdiyo sun fi wannan ɓarna wallahi, zuciya, hawaye, masoyina, shi ya sa littattafai da yawa da ake turowa a WhatsApp za ki ji saurayi da budurwa da uwar miji duk bakinsu ɗaya, kamar rerawa suke.

Shi kiɗa zalla ba ya ba ki kowa. Wuri yake ba ki, da saurin da labarin zai yi tafiya. Sarewa ta kai ki daji bayan shanu, garaya ta kai ki wurin maharba ko 'yan bori, algaita da kakaki kuwa ƙofar fada ranar hawan sallah. Wanda ke tsaye a wurin ke za ki ƙirƙiro shi, aikin ya fi nauyi amma abin da ya fito naki ne.

Sai dai ki yi hattara da kalangu fa, a kunnen Bahaushe ba zalla ba ne. Makaɗi na matse tsirkiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin na hawa da sauka yadda maganarmu ke yi, in kin san taken mahauta ko na 'yan dambe kalmomin da kansu za su riƙa faɗo miki, kin koma matsalar farko kenan.

Da a ce ba ki da labari gaba ɗaya, waƙa zan ce, ki saurara ki kashe sannan ki ɗauki biro. Amma ke kina da mutanenki, tsayawa kawai suka yi, ba baƙo suke buƙata ba. Nemi kiɗan da ya dace da inda kika baro su, ki rage ƙara. Kuma ki sauke shi a waya tukuna ki kashe data, don in kika ce a YouTube za ki nema kina rubutu, wannan babin ba yau ba.