Man jatamansin nan da ake ta talla, ga yadda muka kwashe

Jatamansi dai saiwar wani tsiro ce, ni saboda gashi na sayi man, tunda na haihu gaban goshina yake ta kakkaɓewa, sai wata mai kayan gyaran jiki ta dinga zuba shi a status wai masu maganin gargajiya na Indiya da ake kira Ayurveda da shi suke gyaran gashi kuma yana kwantar da hankali. Kun dai san kuɗin da ake cewa a wannan ƴar mitsitsiyar kwalbar.

Ta ce min ƙamshi ne mai sanyi. Wallahi ina buɗewa ɗakin ya ɗauka, wani warin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da tsohuwar saiwa mai nauyi a hanci, na daure na ɗiga a man kwakwa yadda ta ce na shafa da daddare, maigidan na shigowa ya ja birki a bakin ƙofa ya ce "Maman yara, me ya ruɓe a ɗakin nan?" Rigar filo sai da na jiƙa da omo, ɗankwalina kuwa har yau in na yi guga sai ya taso, humra ma ta kasa danne shi.

Amma fa gaskiya bacci na sha shi. Ni da nake juyi har asuba sai gashi ina kwanciya na tafi, kukan jaririya kawai ke tada ni. Gashin dai ban ga wani tsiro ba tukuna, ya yi laushi shikenan. Don baccin nan na yafe warin na sake oda.

To kwalba ta biyu ce ta ɓata min rai. Ta rage kuɗi, man ya zo fari tsararo ba wari ba komai, bacci kuma babu. Abun nan saiwa ce da ake haƙowa a tsaunukan Himalaya wajen Nepal, a tudu mai tsayin sama da mita 3000, an haƙe ta har ta shiga jerin tsirran da ke dab da ƙarewa, to ta ina zai yi araha dare ɗaya? Na tura mata hoton kwalaben biyu a jere, ta buɗe saƙon ta yi shiru, ga status kuma tana ta ɗora shi. Duk mai saye ta sa a buɗe ta shinshina, in bai dame ki da wari ba ki riƙe kuɗinki.