Kaka guda da MLB.TV: yadda na bi besbol daga Kano

A unguwar Bronx na kamu da son besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, lokacin da nake aiki a New York, gidanmu ba nisa da filin ƙungiyar Yankees. Da na dawo Kano sai na rasa inda zan gani, don gidan kallon unguwarmu Firimiya da Laliga kawai ya sani. Shi ya sa a farkon kakar 2024 na biya kuɗin MLB.TV, manhajar kallon wasannin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, na bi wasannin a waya tun daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba.

Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162, ke nan kusan kullum akwai abin kallo. Wahalar tana wajen lokaci. Wasan ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne a nan, na Los Angeles kuwa sai ƙarfe 3. Mai fita kasuwa da safe ba zai jure ba. Abin da ya cece ni shi ne manhajar tana ajiye wasan, kuma akwai inda za ka taɓa ta ɓoye sakamakon. Sai in kwanta abina, bayan sallar asuba in kalla kamar yanzu ake yi. Ran da nake sauri akwai taƙaitaccen wasa, an tsince muhimman wuraren kawai. Ranar Lahadi ce ta fi mini daɗi, domin wasan rana a gabashin Amurka yakan faɗo wajen ƙarfe 6 na yamma.

Na kuma tarar wasan ya sauya. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 idan babu kowa a kan zango (wuraren da mai bugu yake tsayawa yayin da yake zagaye fili don cin maki), ya jefa ko a hukunta shi. Wasan da a da kan wuce awa uku yanzu yakan ƙare wajen awa biyu da minti arba'in. Tsofaffin masoya sun yi ƙorafi, ni kam na yi murna, don kowane minti data ce.

Wasan da ba zan manta ba shi ne na 19 ga Satumba a Miami. Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, ya fito bugu sau shida, duka shidan ya yi bugun da ya kai shi zango. Sau uku ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, sau biyu ya saci zango, wato ya ruga zuwa zango na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba. A ranar ya zama mutum na farko a tarihi da ya haɗa bugun tsallake katanga 50 da satar zango 50 a kaka ɗaya. Yankees nake goyon baya, amma sai da na miƙe tsaye. Na maimaita bugun na 50 da muryar masu sharhin Dodgers, na sake da ta 'yan Miami, don manhajar tana barin ka zaɓi bakin da kake son ji.

Daga bakin masu sharhin nan ake tsintar abubuwan mamaki, saboda tsakanin jifa da jifa hira suke yi. Kwantiragin Ohtani dala miliyan 700 ne na shekara goma, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034. Ba a kansa aka fara ba: duk 1 ga Yuli ƙungiyar Mets tana biyan Bobby Bonilla sama da dala miliyan ɗaya, har zuwa 2035, alhali rabon da ya buga mata tun 1999. Wanda ya fi burge ni shi ne na taɓo. Kowace ƙwallo sai an murza ta da wani taɓo da ake ɗebowa daga wajen kogin Delaware a New Jersey kafin a yi wasa da ita, don kada ta zame a hannun mai jifa. Harkar biliyoyin daloli, amma ta dogara da laka!

Na kalli ƙungiyar White Sox ta Chicago ma fiye da yadda na yi niyya. Wasa 121 suka sha kashi a kakar, suka wuce 120 na Mets a 1962. Tausayin magoya bayansu ya kama ni, mutanen da suka ci gaba da zuwa fili da 'ya'yansu.

Hoton yana cin data sosai, kuma in sabis ɗin layina ya yi rauni da daddare sai ya riƙa tsayawa. A irin wannan lokaci nakan koma sharhin rediyo da ke cikin manhajar, wanda ba ya cin data sosai, ya kuma fi dacewa in an ɗauke wuta batir ya yi ƙasa.

Wanda bai san dokokin wasan ba kada ya yi gaggawar biya, ya fara da wasan kyauta da sukan saki, ya samu wanda zai zauna kusa da shi ya yi masa bayani. Ni dai na sabunta nawa, kuma ƙanena da ya zauna kusa da ni ranar Ohtani ya riga ya zaɓi Dodgers.