Haidilao ta Dubai Mall: abin da suka yi wa Hajiyarmu ya fi abincin tsaya min a rai

Duk mai zuwa Guangzhou ta ƙasar Chaina saro kaya ya san gidan abincin Haidilao, ko da bai taɓa leƙawa ciki ba. Da yamma za ka tarar da mutane jere a kan kujeru a bakin ƙofa, kowa da lambarsa a hannu, ana raba musu shayi da kankana da guguru kyauta, 'yan mata ana yi musu gyaran farce, wani an karɓi takalminsa ana gogewa, alhali ko teburin ba su samu ba tukuna. Na daɗe ina gani ina wucewa. A Chaina akwai naman alade a cikin jerin abincinsu, kuma komai a tukunya ɗaya ake tsoma shi, shi ya sa mu iyakarmu gidajen abincin Musulmi na unguwar Xiaobei. Sai da muka kai mahaifiyarmu Dubai ganin likita sannan na shiga, a reshensu na ɓangaren Chinatown da ke cikin Dubai Mall, wanda suka buɗe a 2023. Ƙanena da ke aiki a Sharjah ne ya matsa sai mun je. Kafin mu zauna na tambayi zancen nama, aka ce halal ne. Na kuma bi jerin abincin a kwamfutar hannun da suka miƙo mana tun daga sama har ƙasa, ban ga alade ba.

Ga wanda bai sani ba, kai ne mai dafa abincinka. Tukunya ce a dashe a tsakiyar tebur tana tafasa, an raba ta gida huɗu, kowane gida da irin romonsa. Mu mun zaɓi na tumatir, da na naman kaza, da jan nan mai yaji na Sichuan, na huɗun ruwa zalla. Sai a kawo ɗanyen naman rago da na sa yankakke siriri, da tumbi, da awara, da ganye, ka riƙa tsomawa kana ci. Ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba.

Hajiya tana fama da rawar hannu, abin da ma ya kai mu asibitin ke nan. Ta daɗe da daina cin abinci a gaban mutane. Ko a gidan biki sai dai a zuba mata ta taho da shi gida. Ranar ma da ƙyar ta yarda ta biyo mu, da sharaɗin ba za ta ci komai ba, kallo kawai za ta yi.

Yarinyar da ke kula da teburinmu ba ta fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Ta zo ta ɗaura wa kowa ƙyallen kare tufafi, ta ba mu 'yar ledar saka waya, ta ba ƙanena ƙyallen goge tabarau saboda tururi. Wannan kowa ana yi masa. Da ta zo zuba abin sha, na lura idonta ya sauka a hannun Hajiya lokacin da take ƙoƙarin ɗaukar kofi, sai ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba. Ta tafi, ba a jima ba ta dawo da kofuna masu murfi da tsinken zuƙa. Ba ɗaya ta kawo ba, kowa a teburin ta ajiye masa nasa, ta kwashe waɗancan. Ta kwashe tsinkunan cin abincin nan nasu gaba ɗaya, har da na ƙanena wanda ya iya ci da su, ta ajiye wa kowa cokali da cokali mai yatsu. Kwanon Hajiya kuma ta shimfiɗa ɗan tawul mai danshi a ƙarƙashinsa don kada ya zame, sannan ta bi namu ta yi musu haka. Wallahi sai da na ji idona ya ciko. Ta fahimci cewa abin da ke damun tsohuwar nan kunya ce, kada a ware ta a gane lalurarta, don haka ta mayar da mu duka iri ɗaya. Ba wanda ya ce mata uffan, ba ta kuma tambaye mu mene ne ciwon ba.

Hajiya ta soma da romon tumatir, wanda yarinyar ta zuba mata rabin kwano da ɗan niƙaƙƙen nama da ganye a ciki. Ta shanye, ta ce a ƙara. Ƙanena ya dube ni, na dube shi, muka yi shiru kada mu ɓata abin. Can sai ƙarfin gwiwa ya zo mata, ta miƙa hannu za ta tsamo nama da kanta, ludayin ya kuɓuce ya faɗa cikin jan romon, ya fantsama a mayafinta da kan tebur. Nan take fuskarta ta canza. Ta ce, "Ku tashi mu tafi, ai dama na faɗa muku." Kafin in miƙe yarinyar ta iso. Ta tsaya daidai inda jikinta zai tare Hajiya daga sauran teburan, ta fara duba hannunta ko ta ƙone, ta ɗora mata tawul mai sanyi, ta share teburin cikin natsuwa tana tambayar ƙanena ko Mama ta fi son naman rago ko na sa. Da ya faɗa mata, ita da kanta ta tsoma, ta tsamo, ta yanyanka da almakashi ƙanana-ƙanana yadda cokali zai ɗauka, ta ajiye a gaban Hajiya ta matsa gefe. Daga nan har muka tashi, duk sanda kwanon ya kusa ƙarewa sai mu ga ta ɓullo.

Magariba ta same mu a tsakiyar ci. Hajiya ta ce ita ba za ta shiga masallaci da mayafi duk jan mai ba. Ƙanena ya yi wa yarinyar bayani, ta kawo wani wankakken mayafin lulluɓa irin wanda suke bai wa masu jin sanyin na'ura, ta karɓi na Hajiya. Ta rage wutar tukunya, ta ce ɗanyen naman za ta mayar firji, mu je mu dawo a tsanake, teburinmu yana nan. Ga layi a waje, amma ba wanda ya nuna mana a fuska cewa mun tsare wuri. Da muka dawo an ƙara romo, an dawo da naman, mayafin Hajiya kuma an wanke inda ya ɓaci an naɗe a leda. Hajiya ta kama hannunta ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, Allah ya ba ki masu yi miki." Ƙanena ya fassara mata, ta dafa ƙirji ta rusuna.

Ni ma ina da yara a shago, don haka abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ban ga ta je neman izinin manaja ko sau ɗaya ba. Ashe tsarin gidan ne. Ma'aikacin tebur yana da ikon ya ba baƙo wani abinci kyauta ko ya yi masa rangwame idan ya ga dalili. Mai gidan, Zhang Yong, mai walda ne a masana'antar tarakta kafin shi da abokansa uku su buɗe shago mai tebur 4 a garin Jianyang na lardin Sichuan a 1994, kuma bai ɓoye cewa a lokacin bai iya girki sosai ba, da kyautata wa baƙo ya riƙe mutane. Daga nan suka shiga Xi'an a 1999, Beijing a 2004, Singafo a 2012, suka sayar da hannun jari a kasuwar Hong Kong a 2018 suka tara kusan dala biliyan 1. Yau rassansu a Chaina sun haura 1,300. Manajan da ya horar da yaro har yaron ya buɗe nasa reshen yana samun kaso a ribar wannan reshen, har ma da na wanda yaron ya horar, don haka ba mai ɓoye wa na ƙasa da shi sirrin aiki. Yang Lijuan da aka naɗa shugabar kamfanin a 2022, da ɗaukar faranti ta fara tun tana budurwa. Wanda ya san hanya a buɗe take a gabansa, dole aikinsa ya bambanta.

Sai dai da na koma masauki, daɗin ya gauraya da ɓacin rai, don na tuna abin da ya sa Hajiya ta daina ci a waje tun farko. A wani gidan abinci ne na gida, mai tsada kuwa, miya ta zube mata a tebur. Ma'aikaciyar ta ja tsaki a gabanmu, ta jefo tsumma ta juya, na kuma hango ta tana kwaikwayon rawar hannun wa abokiyar aikinta suna dariya. Na nemi manaja aka ce ba ya nan. Kuɗinmu muka biya cif, muka fito da tsohuwa tana share hawaye da gefen mayafi. Har yau idan na tuna zuciyata tafasa take yi. A ƙasar da ake koya wa yaro durƙusa wa babba aka yi mata haka, sai ga baƙuwar yarinya da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa ta rufa mata asiri.

Ban kuma ce Haidilao tsarkakakkiya ba ce, labarinsu ba a ɓoye yake ba. A 2017 'yan jarida sun ɗauko hoton ɓeraye a kicin ɗinsu a Beijing. Sun amsa laifi a ranar, sun rufe rassa biyu, amma ɓera dai ɓera ne. A 2020, ana tsakiyar korona, suka buɗe sabbin rassa sama da 500 da zaton annobar ta kusa wucewa, shekara na zagayowa suka sanar da rufe kusan 300, suka yi asarar sama da yuan biliyan 4 na kuɗin Chaina. A 2025 wasu samari biyu 'yan shekara 17 suka yi fitsari a tukunya a wani reshe na Shanghai suka sa bidiyon a intanet, sai da kamfanin ya mayar wa masu oda sama da 4,000 kuɗinsu da diyya ninki 10. Kuma an san suna tura masu sa ido a ɓoye su ci abinci kamar baƙi, su ba reshe maki. Wannan ya sa na riƙa tambayar kaina nawa ne na zuciyar yarinyar nan, nawa ne na tsoron maki. Tun shigarmu har fitarmu ban ga ta zauna ba. Na yi ta juya abin, na dawo kan cewa maki zai iya sa ta kawo tawul da sauri, amma ba maki ne ya koya mata ta kawo kofi mai murfi ga kowa ba.

Abincin kansa yana da kyau, naman sabo ne, romon tumatir ne gwanina. Jan romon kuwa ba yajin da muka saba ba ne, leɓe yake sa wa ya yi zuuu ya mutu, kamar an tauna fasa ƙwari, kuma dangin itace ɗaya ne. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tsaya a na tumatir da na naman kaza. Tumbin kada ya wuce daƙiƙa 15 a tukunya, in ba haka ba ya yi tauri. Mai wasa da taliya ya zo yana wulwula ta sama da kanmu, yaran teburin kusa suna ta ihu, Hajiya har da tafi. Kuɗin dai kun san Dubai Mall, ba wurin zuwa kullum ba ne. Ku riƙa yin odar rabin faranti, yana isa, kuma ku kama tebur tun da rana idan ƙarshen mako ne. Masu zuwa Guangzhou kuma kada wannan sharhin ya ruɗe ku, reshen Dubai na yaba na kuma ci, na Chaina har gobe iyakata bakin ƙofa saboda zancen alade.