Furen vinka a kasuwar tsirrai ta Katsina: ya cancanci kuɗinsa kuwa?

A cikin furannin da masu renon tsirrai ke jerawa cikin baƙaƙen ledoji a gefen titunan Katsina, da wuya a sami wanda ya kai vinka araha da juriya. Wanda na sayi nawa a wurinsa yana da fari da ruwan hoda, kowane fure da kunnuwa biyar da ɗigon launi a tsakiya, ganyen kuwa yana sheƙi tamkar an shafa masa mai.

Asalin wannan tsiro, wanda masana ke kira Catharanthus roseus, tsibirin Madagaska ne, kuma a ƙasashe masu zafi ya saba da rairayin bakin teku, inda rana ke dukansa kuma ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Wannan ne ya sa ƙasarmu mai yashi ta karɓe shi. A watan Afrilu, lokacin da sauran furannin tsakar gida suka yi laushi, vinka nannaɗe ganyensa kawai yake yi da azahar, da la'asar ta yi sanyi sai ya warware, kuma bai fasa fure ba. Da hunturu ne kaɗai na ga ya rage girma, ganyen ƙasa suka yi rawaya.

Inda na sami saɓani da mai sayarwar shi ne batun ƙudan zuma. Ya ce mini, "Alhaji, in ka shuka wannan, zuma za ta cika maka gida." Maganar ba haka take ba. Ruwan zaƙin furen yana can ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 2 zuwa 3, bakinsa kuma a tsuke yake, saboda haka sai ƙwaro mai dogon harshe ke iya kaiwa gare shi. Malam-buɗe-littafi da danginsa masu yawon dare su ne baƙinsa na gaskiya, kuma su ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Na sha tsayawa da hantsi ina kallon ɗaya ya sauka, ya warware harshensa da ke naɗe, ya zura cikin ramin, alhali ƙudan zuma na wucewa kai tsaye zuwa zogalen da ke jikin katanga. Mai amya da ke neman abincin zumarsa gara ya kashe kuɗinsa a kan zogale. Bayan fure ya faɗi, ƙananan kwasfa biyu ke fitowa, su bushe, su tsage, irin ya zube ya tsira da kansa, don haka saye ɗaya ya wadatar.

Aibin da na gani a kayan shi ne ƙasar cikin ledar, wadda laka ta yi wa yawa. Vinka ba ya son jiƙa, kuma a watan Agusta saiwarsa kan ruɓe idan ruwa ya kwanta. Wajibi ne a sauya masa ƙasa mai yashi da ɗan taki, a huda gindin tukunyar sosai, kuma kada a ba shi ruwa sai saman ƙasar ya bushe.

Akwai kuma gargaɗin da ya kamata a ce masu sayarwa na yi amma ba sa yi. Daga wannan tsiro ne aka samo vinblastine a Kanada a shekarun 1950, sannan vincristine, magungunan da asibitoci ke amfani da su wajen yaƙar sankarar jini da wasu cututtukan daji. Wannan ba ya nufin a dafa ganyen a sha a matsayin magani, domin tsiron yana da guba. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a ɗora tukunyar inda hannu da baki ba sa kaiwa.