Gyaran kwamfuta daga nesa a Bauchi: inda yake amfani da inda ba ya kaiwa

Wasu masu gyaran kwamfuta a cikin Bauchi, daga Wunti zuwa Yelwa, sun fara karɓar aiki ta intanet. Kana zaune a Azare ko Misau, mai gyara yana shagonsa, amma yana juya linzamin kwamfutarka kamar tana gabansa. A ganinmu wannan aiki ya ci kuɗinsa, muddin matsalar ta manhaja ce.

Yawanci manhajojin AnyDesk ko TeamViewer ake amfani da su, duka na kamfanonin Jamus. AnyDesk ɗan ƙaramin fayil ne, yana buɗewa ko ba a girka shi ba. Zai nuna maka lamba mai tsawon 9 ko 10, ka karanta wa mai gyara, sai wani akwati ya fito yana neman izininka. Sai ka amince zai shigo. Windows 10 da 11 ma suna da nasu, Quick Assist: danna Ctrl da maɓallin Windows da Q, ka shigar da lambar da mai gyara ya ba ka.

Firintar da ta ƙi bugawa saboda direbanta (manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta) ya lalace, girka Office, korar tallace-tallacen da suka cika burauza, imel ɗin da ya daina shigowa, duk wannan ana gamawa a zama ɗaya, ba kuɗin mota, ba barin kwamfuta ta kwana a shago. Kwamfuta mai nauyi kuwa, nan ake gane gwani. Zai buɗe Task Manager a kan idonka, ya nuna maka abin da ke cinye ƙarfinta. In ka ga layin diski ya tsaya cak a kan 100%, na'urar kuma mai RAM 4GB ce da tsohon diski mai juyawa, goge-goge ba zai warkar da ita ba. SSD take so, wato diski mai sauri da ba ya juyawa, wannan kuwa sai an kwance ta da hannu. Mai gaskiya zai faɗa maka haka tun a mintunan farko. Wanda ya ce zai mayar da ita sabuwa daga nesa, ka riƙe kuɗinka.

Fasasshen allo, batirin da ya kumbura, ramin caji da ya saki, kwamfutar da ba ta tashi ko kaɗan, waɗannan sai shago.

Wajen tabulet aikin ya fi rauni. A Android, TeamViewer QuickSupport kan nemi a ƙara wata 'yar manhaja kafin mai gyara ya iya taɓa komai, wasu ƙananan tabulet kuma ba sa karɓarta yadda ya kamata. A iPad, da waɗannan manhajoji kallo kawai zai yi, kai ne za ka riƙa dannawa yana yi maka kwatance ta waya.

Abin da ya fi ɓata aikin a nan shi ne wuta da sabis. Ka cika batiri kafin a fara, don in Nepa ta ɗauke ana tsakiyar sabunta Windows, kwamfutar na iya ƙin tashi, aikin nesa ya koma na shago. In hoto na tsinkewa, mai gyara ya rage ingancinsa daga ɓangarensa. In direban Wi-Fi ne ya ɓace, haɗa wayarka da kebul ɗin USB ka raba mata data ta nan. Akwatin izinin Windows ma kan tsayar da aiki: allon mai gyara ya daskare, alhali kai kawai ake jira ka danna Yes.

Sai maganar amana, wadda ita ta fi damun mu. Duk abin da ke kan allonka yana gani, har lambar sirrin banki da ta faɗo ta saman tabulet. Ka rufe WhatsApp da shafin banki kafin ya shigo, kada kuma ka tashi daga wurin. Baƙon da ya kira ka da kansa yana cewa daga banki yake, ka saukar da AnyDesk, ɓarawo ne. In an gama, shiga saitin tsaro na manhajar ka duba ko an sa kalmar sirri ta shiga ba tare da izini ba. In ka gan ta kuma ba ku yi haka da shi ba, cire ta, sannan ka goge manhajar gaba ɗaya.