Tocilar UV ta duba tsohon tangaran: aikinta da iyakarta

Mai son sanin darajar tangaran ɗin da ya gada, ya fara mallakar wannan 'yar tocila ta UV, mai wani irin haske da ke tona inda aka taɓa gyara tangaran, kafin ya nemi mai ƙiyasta kuɗi. Amma a sayi mai lamba 365nm. Ta 395nm ta fi araha, sai dai haskenta ruwan shuni ne da ke rufe abin da ake nema.

A wanke faranti da ruwan ɗumi ya bushe sarai, domin ragowar sabulu da ƙura ma suna ƙyalli su ruɗi ido. A kashe fitila, a riƙe tocilar kamar taƙi ɗaya daga jikin kayan, a bi baki, mariƙin kofi, hancin butar shayi da gindi a hankali. Inda aka liƙe da gam ko aka sake fenti, launinsa yakan bambanta da sauran jiki, sau da yawa fari-fari ko rawaya. Gyara kuwa yana karya farashi sosai, komai kyan aikin. Kada a haska ido.

Inda ta gaza: ba ta faɗin shekaru, kuma wasu kayan gyaran zamani ba sa nunawa. Don sanin shekaru, dole a juya gindi a karanta hatimin masana'antar da ta yi shi. Kalmar "England" galibi tana nuna an yi shi daga 1891, "Bone China" kuma ƙarni na 20. Takubba biyu a giciye hatimin masana'antar tangaran ta Meissen ne a Jamus, amma an sha kwaikwayonsa, don haka hatimi kaɗai ba hujja ba ne.