C-SPAN ta fi min sauran tashoshin Amurka lokacin rikicin kasafin kuɗi

Duk mai bin siyasar Amurka, gaskiya ina ba shi shawarar ya riƙa kallon tashar talabijin ta C-SPAN. Tun 1979 take haska zaman majalisa kai tsaye, ba talla, ba wani mai sharhi da zai zauna yana gaya maka wa ke da laifi.

Amfaninta ya fito fili lokacin da aka rufe ayyukan gwamnati saboda majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43 cur. 'Yan Democrat suka kafe sai an tsawaita rangwamen harajin inshorar lafiya ta Obamacare da zai ƙare a ƙarshen shekarar, 'yan Republican suka ce a buɗe gwamnati tukuna sannan a yi magana, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ma'aikata da yawa kuwa suna gida ba albashi, abin tausayi wallahi. A nan kana kallon ƙuri'ar da idonka, ka gane cewa Republican sanatoci 53 gare su a lokacin amma sai da ƙuri'a 60 irin wannan doka za ta iya wucewa a majalisar dattawa, shi yasa abin ya cije har sai da mutum 8 daga ɓangaren Democrat suka goyi baya.

Matsalarta ɗaya, tana buƙatar haƙuri sosai, wani lokacin zauren shiru ake ta kiran sunaye, kuma Turancin majalisa akwai nauyi. Amma dai shirinsu na safe da mutane ke bugo waya, kar ya wuce ka.